Miyar Nama Irin Ta Italiya Cikin Gurasa: Girkin Da Ke Ƙarasa Nuna Bayan An Kashe Wuta

 

Idan kina leƙa bidiyoyin girki a wayarki, da wuya a ce ba ki taɓa cin karo da wannan ba: mace a Amurka ta zuba nama da tumatir a wata tukunyar lantarki da safe, ta rufe, ta kama hanyar wurin aiki. Da yamma ta dawo ta buɗe, nama ya yi luguf, ta tsattsage shi, ta cusa cikin burodi ta miƙa wa yara. Sai ki ce a ranki, wannan ai sai masu wuta. Kuma da gaskiyarki, domin a Kunchi ko Makoɗa ko ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, wace ce za ta ɗora girki ta dogara da lantarki na awa takwas ba ɗaukewa?

To, 'yar uwa, sirrin wannan girki zafi ne mai sauƙi wanda ke daɗewa a cikin tukunya, kuma kwando da tsofaffin zannuwa za su iya riƙe miki shi. Za ki rage itace, ki rage shan hayaƙi, kuma nama mafi araha a wurin mahauci ya yi laushin da har mai koyon cin abinci zai ci. Sai dai akwai sharaɗi guda da a matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan yi wasa da shi ba: kada zafin ya sauka. In ya sauka, tukunyar da kika yi don gina jikin yara ita za ta kwantar da su.

Daga ina miyar ta samo asali?

Mutanen Italiya suna kiran wannan miya ragù. Sunan ya yi kama da na ragon layya, amma ba su haɗa komai ba. Wadda ta fi shahara ita ce ta birnin Bologna, inda suke ji da ita har a shekarar 1982 aka kai rubutaccen tsarin girkinta ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar birnin aka ajiye. Da albasa da karas da seleri ake fara ta, a soya su a hankali, a zuba nama da tumatir, a bar ta a kan wuta kaɗan-kaɗan awa biyu ko fiye. A birnin Napoli kuwa da manyan yanka ake yi, kuma takan shafe rabin yini tana ɓararraka ranar Lahadi. Su da taliya suke ci. 'Yan Italiya da suka yi ƙaura zuwa Amurka ne suka tafi da miyar, a can kuma cusa ta cikin burodi ya zama ruwan dare. Tsarinsu na asali akwai naman alade da giya a ciki. Mu babu su a namu, kuma miyar ba ta rasa komai.

Ita ma tukunyar lantarkin daga dabarar talakawa aka ɗauko ta. Wani mutum a Chicago mai suna Irving Naxon ya ji labari daga mahaifiyarsa cewa a garinsu a Lituwaniya, ranar Juma'a da yamma akan kai tukunyar wake da nama gidan burodi, ta kwana tana nuna da ragowar zafin tanda. Daga nan ya ƙera tasa, ya samu takardar mallakar fasahar a 1940, kuma a 1971 ta shiga kasuwa da sunan Crock-Pot. Ke da kika saba barin kai da ƙafa a kan garwashi da daren Babbar Sallah ki wayi gari sun narke, ai kin san wannan karatun tuntuni.

Nama mai tauri shi ne na wannan girki

Kada ki kashe kuɗinki a kan tsoka zalla. Ki aika a sayo miki naman wuya, ko na ƙirji, ko na ƙwauri, wato mai jijiya-jijiya wanda ake gudu saboda tauri. Wannan jijiyar cike take da wani sinadari da ake kira kolajin. In aka ba shi wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci sai ya ƙanƙame, naman ya zama kamar roba. In kuwa ya daɗe cikin ruwa mai zafi, sai ya narke ya shiga romo. Shi ne abin da ke sa romon ƙafar sa ya yi danƙo a leɓe, ya kuma daskare in ya huce. Narkewar tana son lokaci fiye da yadda take son balbalin wuta. Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

A nan zan ja kunne. Akwai masu jefa ƙwayar farasitamol a tukunya wai don nama ya yi saurin nuna. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka, domin yana iya illata hanta da ƙoda. Magani na asibiti ne, ba shi da gurbi a tukunyar miya. Kanwa ma a sassauta mata. Lokaci kaɗai ya isa ya yi aikin da ake nema daga gare su.

Kwandon da ke riƙe zafi

Tukunyar da ta tafasa sosai tana ɗauke da zafin da zai ci gaba da dafa abin da ke cikinta, muddin aka hana shi fita. Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya. A Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da makamashi ya yi wuya, mata sun riƙa binne tukunya cikin akwati mai cike da busasshiyar ciyawa. A Afirka ta Kudu kuma, a 2008 lokacin da ake fama da ɗauke wuta, wata mata mai suna Sarah Collins ta fito da jakar Wonderbag mai aiki iri ɗaya. Ke ba sai kin sayi komai ba.

Ki samu kwando ko babban kwali ko tsohuwar roba mai zurfi, wadda in kin saka tukunyarki za a samu tazarar faɗin tafin hannu ta kowane gefe. Ki ɗinka matasai uku daga tsohon zane, ki cika su da audugar rimi, ko ɓuntun shinkafa, ko ƙaiƙayi, ko ƙyallayen tela. Ɗaya ta zauna a ƙasa, doguwa ta zagaye tukunya, mai kauri ta danne murfi. In ɗinkin zai ɓata miki lokaci, tsohon bargo da zannuwa sun wadatar, a dai cusa su da kyau kada a bar kafar iska. Duk abin da za ki saka ya zama busasshe ƙarau, domin mai laima jan zafi yake yi.

Kafin ki amince masa da namanki, ki jarraba shi da ruwa. Ki tafasa ruwa cikin tukunya, ki saka a kwandon, ki rufe, ki bar shi awa huɗu. In kin buɗe tururi ya taso, kuma kika kasa riƙe gefen tukunyar da tafin hannu, kwandonki ya yi. In ɗumi-ɗumi kika tarar, ki ƙara tsumma ki sake gwadawa. Kada ki tsoma ma'aunin zafin jiki na asibiti a ciki, iyakarsa wajen digiri 42, lalacewa zai yi.

Amfanin a lissafe yake. Lokacin da girkin zai ɗauka a kan wuta yana raguwa sosai. A yankinmu da gona ke manne da gona, babu dajin da za a shiga a yi itace, kara da itacen saye ake lallaɓawa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sannan ga hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasari daga girki da itace da gawayi da makamantansu take, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Duk awar da kika rage a gaban murhu, goyon da ke bayanki ma ya huta.

Kayan haɗi, na mutum 8 zuwa 10

Nama kilo 1, ko rabin kilo da wake gwangwani 1
Tumatir manya 12, ko kauɗa cikin hannu 3
Tattasai 4
Albasa 3
Karas 3
Tafarnuwa ƙwaya 5
Man gyaɗa ƙaramin ludayi 1
Daddawa 1
Masoro da citta kaɗan
Ganyen ɗoɗɗoya cikin hannu 1
Gishiri da ɗunkule kaɗan
Gurasa ko burodi

Ɗoɗɗoyar da ke bayan ɗakinki 'yar uwar ganyen basil ce da 'yan Italiya ke ƙamsasa miyarsu da shi. Inda suke gurza tsohon cuku don ɗanɗano, ke daddawa ta tsaya miki. Tumatir kuwa, da rani in na Watari a Bagwai da na Tomas suka cika kasuwanni irin su Badume, ɗanye za ki saya. Da damina in ya yi tsada, ko a shekara irin ta 2016 da tsutsar tumatir ta cinye gonaki, kauɗa ta isa. Su ma mutanen kudancin Italiya shanya tumatir suke yi a rana. Ki tsince wanda ya yi hunhuna ki zubar, ki wanke sauran sau uku saboda yashi, ki jiƙa a ruwan zafi sannan ki markaɗa.

Yadda ake haɗawa

Ki wanke hannu da sabulu. Ki yanka naman ƙanana, kada ya wuce girman ƙwallon goro, domin zafi ya ratsa shi da wuri. Wuƙa da farantin da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa wani abu. In da wake za ki yi, ki jiƙa shi tun dare ki zubar da ruwan jiƙon.

Ki ɗora tukunya mai kauri, wadda murfinta ke kamawa sosai. Ki zuba mai, in ya yi zafi ki soya naman kashi biyu ko uku har ya yi ja, ki kwashe. Kada ki tsallake wannan mataki, a nan ƙamshin yake. A cikin man ki zuba albasa da gurzajjen karas, ki rage wuta ki yi ta juyawa kamar minti 10 har su yi laushi. Zaƙin karas ɗin shi zai kashe tsamin tumatir, ba sai an nemi kanwa ba. Ki saka tafarnuwa da citta da masoro da daddawa.

Sai ki zuba markaɗen tumatir da tattasai, ki bar shi ya soyu har ruwansa ya ragu, mai ya fara tasowa. Ki kula da wannan, domin a cikin kwando ruwa ba ya ƙonewa. Yadda kika saka miya, haka za ki cire ta. Ki mayar da naman, ki zuba wake in da shi, ki ƙara ruwa iya wanda zai rufe su kawai. Tukunyar ta kusa cika, a ƙalla kashi uku cikin huɗu. Abinci kaɗan a babbar tukunya saurin hucewa yake yi.

Ki rufe, ta tafasa sosai, ki ƙirga minti 30 daga lokacin da ta fara tafasa. A mintuna biyar na ƙarshe kada ki ɗaga murfi. Ki sauke, ki duba gindinta ko garwashi ya manne, ki saka ta a kwando nan take, ki danne da matashi. Ki ajiye kwandon a inda mai rarrafe ba zai kai ba.

Daga nan sai awa 3 zuwa 4. Ki tafi sussukarki ko awon ciki ko barkar suna. Ki gargaɗi yara da abokiyar zama kada wanda ya leƙa, domin kowace buɗewa zafi ne ke tafiya, kuma babu wutar da za ta dawo da shi.

Lokaci na cika ki fito da ita ki mayar kan wuta ta tafasa minti 5 zuwa 10. Ki dagargaza naman da muciya ko ludayi kamar za ki yi dambu. Ki ɗebi na jariri ki ajiye gefe, sannan ki saka gishiri da ɗunkule da yankakken ɗoɗɗoya. Kin lura ban saka attaruhu ba. Mai son yaji ya barbaɗa a nasa.

In kina da tukunyar lantarkin da wuta tsayayya ko sola mai ƙarfi, matakan suya duk ɗaya ne. Ki juye a cikinta, ta kai rabi zuwa kashi biyu cikin uku, ki ba ta awa ɗaya a babban zafi, sannan awa 6 zuwa 7 a ƙarami. Kada ki saka daskararren nama sai ya saki. In aka ɗauke wuta kina gida, ki juye a tukunya ki ƙarasa a murhu nan take. In kuwa kin dawo kin tarar an ɗauke, ba ki san tun yaushe ba, kuma abincin ya huce, haƙuri za ki yi da shi.

Inda haɗarin yake

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Zafin ɗakunanmu, musamman a watannin Maris zuwa Mayu, a tsakiyar wannan tazara yake. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dafa abinci har ya kai digiri 70, a riƙe shi sama da digiri 60 har a ci, kuma kada dafaffe ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki.

Za ki ce ai na tafasa, me ya rage? Akwai ƙwayoyin da ke shiga wani irin ƙoƙo mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi. Suna nan kwance, sai miya ta sauko ta zama ɗumi-ɗumi su farka su yi ta ninkuwa. Miyar nama mai kauri a babbar tukunya ita suka fi so. Abin takaicin, ba lallai ta yi wari ko tsami ba. Hancinki ba zai gaya miki ba, sai cikin dare yara su fara murɗawar ciki da gudawa.

Saboda haka ki riƙe waɗannan. Kada tukunya ta wuce awa 4 a kwandon gida, kuma kada ta kwana a ciki. In kin buɗe babu tururi, kuma hannunki ya zauna a jikin tukunyar lafiya lau, kada ki ba kowa. In zafin na nan, duk da haka ki sake tafasawa kafin a ci. Ki dafa iya abin da za a cinye. Na san ɗumame al'adarmu ce, kuma tafasa miya da dare a sake tafasawa da safe yana rage haɗari, amma wasu ƙwayoyin suna barin dafin da wuta ba ta kashewa. In babu firji, miyar naman da ta kwana kada ta je bakin ƙaramin yaro, ko mai ciki, ko tsoho, ko marar lafiya.

In yaro ya kamu da gudawa, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, ki ci gaba da shayarwa. In kin ga jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya ƙi shan komai, ko idanu sun faɗa, ko jiki ya saki, ki kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jiran gari ya waye ba.

Abin da jikin yara ke samu

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila suna da hannu a ciki, amma rashin sinadarin ƙarfe a abinci, wanda muke kira ayon, babban dalili ne. Ayon ɗin da ke cikin nama shi jiki ya fi saurin ɗauka, kuma nama kaɗan a tukunya yana taimaka wa jiki ya amfana da na wake.

Ki duba yadda ake rabon nama a gidajenmu. Yanka ne ake ƙirgawa, babba na maigida, sai manyan yara, ƙaramin da ya fi kowa buƙata a ce ba shi da haƙori, a ba shi romo. Uwa kuwa takan haƙura da ƙashi. In nama ya narke ya bi miya, babu sauran ƙirga. Kowane ludayi da rabonsa a ciki. Daga wata 6, ki ƙara murƙushe na jariri sosai, ki gauraya masa da tuwo mai laushi ko dafaffen dankali, ana ci gaba da ba shi nono. Wanda bai kai shekara ba ba a saka masa gishiri ko ɗunkule. Babba ma bai kamata ya wuce giram 5 na gishiri a yini ba, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunkule.

Bitamin C yana taimaka wa jiki ɗaukar ayon, amma doguwar dahuwa tana rage shi. Don haka ki yanka ɗanyen tumatir da kabeji da aka wanke da ruwa mai tsabta ki ɗora a sama, ko ki matsa lemun tsami. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Na san burodi da shayi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, amma ranar wannan miya ki jinkirta shi da awa ɗaya ko biyu.

Gurasa ko burodi?

Burodin leda mai laushi yana shan miya ya dagargaje a hannun yaro. Gurasarmu ta Kano, wadda ake gasawa a tanderu kuma unguwar Jakara ta yi suna da ita, ta fi shi jiki da juriya. Ki ɗan ɗumama ta a kan murfin tukunya ko kasko, ki tsaga gefe, ki cusa miya ludayi ɗaya, ki ɗora albasa da kabeji. Mai sha'awar bandashe ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. In burodin ne a kusa, ki gasa shi a kasko ya ɗan yi ƙarfi tukuna.

In gona za a kai wa maigida da 'yan aiki, kada ki cusa tun a gida. Ki zuba miyar tana tafasa a kula, gurasa daban a tsaftataccen zane, su haɗa da kansu a gindin bishiya, su ci da zafinta. Haka ma ɗan makaranta, gara ya tarar da ita in ya dawo da a ƙunsa masa tun safe ta yini a jaka.

Ki fara gwada kwandon da ruwa a wannan makon, in ya riƙe zafi sai ki aika kasuwa ranar da take ci. Allah Ya sa albarka a tukunyarki, Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya. A ci daɗi lafiya.